Komawa Kan Keke Bayan Doguwar Jinyar Bairus

Wasu cututtukan da ƙwayar bairus ke haddasawa ba sa tafiya da saukar zazzaɓi. Mutum zai tashi daga kwanciya, amma kasala da haki da saurin bugun zuciya su ci gaba da binsa wata da watanni. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan hali ga masu korona: alamomin da ake gani wata 3 bayan kamuwa, waɗanda suka daɗe aƙalla wata 2, kuma babu wata cuta da za a jingina su gare ta. Bairus ɗin Epstein-Barr ma yakan bar irin wannan gajiya. Shi ne ya kama Mark Cavendish, ɗan tseren keke na Birtaniya, a 2017, aka sake gano shi a jikinsa a 2018. Sai a 2021 ya sake lashe zango a gasar Tour de France, duk da likitocin da ke kewaye da shi.

Kafin a taɓa keke, zuciya ce abin dubawa. Bairus kan kumbura tsokar zuciya, kuma likitoci kan hana wanda aka samu da haka motsa jiki mai ƙarfi na wata 3 zuwa 6. Epstein-Barr kuwa yakan kumbura saifa, faɗuwa ɗaya daga kan keke tana iya fasa ta.

Abin da ya fi yaudarar masu murmurewa shi ne jiki ba ya kokawa nan take. Mutum zai taka feda na rabin sa'a yana jin garau, sai bayan sa'o'i 12 zuwa 48 jiki ya mutu, kai ya yi nauyi, ɗaukar bokitin wanka ma ya gagara. Wannan koma-baya kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma dagewa ƙara tsananta shi take yi. A 2021 hukumar NICE ta Ingila ta janye shawarar ƙara motsa jiki bisa tsayayyen jadawali ga masu ciwon gajiya mai naci da ake kira ME/CFS. Ma'aunin tuƙin yau, ke nan, shi ne yadda aka tashi gobe da jibi.

Saboda haka ake farawa da 'yan mintoci a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da giya mai sauƙi, cikin sanyin safiya, a bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin fita da fita. Idan haki ya hana mai tuƙi faɗin jimla guda cikakkiya, ya wuce gona da iri. Ƙirga bugun zuciya kowace safiya kafin a sauko daga gado yana taimakawa: ranar da ya haura yadda aka saba, ranar hutu ce. Keke mai batir yana rage wahalar hawa tudu.

Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko zuciya tana tsalle a kan keke, ya sauka nan take ya nemi likita.