Turaka da Ɗaki: Wuraren Hutu da Natsuwa a Gidan Bahaushe

Gidan Bahaushe na gargajiya gida ne na taro. Maigida da matansa da 'ya'yansa, sau da yawa har da ƙannensa da iyalansu da mahaifiyarsa, duk katanga ɗaya ce ta kewaye su. Tun daga kiran assalatu har bayan lisha ba a rasa motsi: ga daka, ga surfe, ga gugan rijiya, ga hayaniyar yara da kukan awaki. Duk da wannan cunkoso, tsarin ginin da ladubban zama sun tanadar wa kowane babba wurin da zai keɓe ya huta, ya kula da jikinsa, ya gana da Ubangijinsa ba tare da an dame shi ba.

Tanadin yana farawa tun daga bakin ƙofa. Mai shigowa zaure zai fara tararwa, inda maigida ke karɓar baƙi maza. Daga nan sai wani fili, sannan shigifa, kafin a kai ga cikin gida. Magina ba sa jera ƙofofin nan a saiti ɗaya, sai su karkatar da su yadda wanda ke tsaye a waje ba zai hango tsakar gida ba. Kowace ƙofa tana rage yawan masu ikon wucewa: baƙo ya tsaya a zaure, amini ko ɗan'uwa ya kai shigifa, ciki kuwa sai mata da yara da muharramai. Hayaniyar titi ma haka take raguwa, har mutum ya isa ƙuryar gida ya ji kamar ba a cikin gari yake ba.

Kayan ginin su ma suna da nasu aikin. Bangon tubali yana da kauri sosai, musamman daga tushe, rufin kuma azarar giginya ce da aka shimfiɗa aka ɗora mata ƙasa, aka shafe da makuba ko laso don kada ruwa ya ratsa. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Shi ya sa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, ɗakin soro yake zama da sanyi da tsakar rana, da hunturu kuwa ya riƙe ɗumi cikin dare. Tagogin ƙanana ne, a can sama, haske kaɗan suke bari ya shigo, ido ya huta. Wanda ya shiga ɗakunan Gidan Makama da ke Kano, wanda aka mayar gidan tarihi, ko zaurukan Gidan Rumfa, fadar da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), zai ji wannan bambanci a fatarsa da zarar ya tsallake dokin ƙofa.

Turaka ita ce keɓantaccen ɗakin maigida, galibi kusa da shigifa. Ba a cika ta da kaya: gado, buzu ko darduma ta salla, buta, carbi, akwatin tufafi, in malami ne ga littattafai a gafaka. Yara ba sa faɗa mata kai tsaye, matar da ke da girki ce ke share ta, ta kai abinci da ruwa. A nan maigida yake ƙailula, a nan yake lazimi da nafilar dare, a nan kuma yake juya al'amuran gida a ransa kafin ya yanke shawara.

Ɗakin mace ya fi turaka kaya da ado nesa ba kusa ba, kuma a nan ne al'adar ta fi zurfi. Kowace matar aure tana da ɗakinta, haƙƙinta ne, kishiya ba ta shiga sai da izini. Tun kafin amarya ta tare ake fara gyara shi. A da mata ne ke taruwa su yi daɓe: a zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, su durƙusa a jere suna bugu da madaɓai suna waƙa har ƙasan ta yi sumul tana sheƙi. Daga nan dangin amarya su zo jere, su tsara ƙorai da tasoshi, daga baya aka koma kwanukan kwalla da langa, a ɗora wani kan wani har kusa da rufi. A rataya asabari ko labule a ƙofa, iska ta shiga, ido bai shiga ba. Fitila tana cikin alkuki, randa tana lungu an rufe ta da faifai, moɗa a kai. Wasu matan kan turara randar kafin su zuba ruwa, sai ruwan ya yi sanyi ya kuma ɗauki ƙamshi.

Ƙamshi kuwa shi ne ran ɗakin. Da yamma, bayan an yi shara an yayyafa ruwa, mai ɗakin takan ɗebo garwashi daga murhu a kasko, ta jira harshen wuta ya mutu, sannan ta ɗan barbaɗa turaren wuta. Ba a zubawa da yawa, don in ya yi yawa ƙauri yake yi. Sai ta saki labule ta bar hayaƙin ya zaga ya kama zannuwan gado da tufafin da ta rataya, wani lokaci ta tsuguna a kan kaskon ta lulluɓa da zane ya shiga jikinta. Ana haɗa turaren da icen sandal da kajiji da farce da sukari da turarukan ruwa, kowace gwana da sirrin haɗinta. Matan Barno, Kanuri da Shuwa, su ne aka sallama wa a wannan fanni, kuma ta hannunsu humra da dilka, waɗanda suka shahara a Sudan da Cadi, suka bazu a ƙasar Hausa.

Ƙunshi ma hanyar hutu ce, ko da yake ba kasafai ake kallonsa haka ba. Idan aka kwaɓa lalle aka ƙunsa wa mace ƙafa, aka zura hannunta cikin zunguru, to aiki ya haramta gare ta na sa'o'i. Ba daka, ba wanki, ba hura wuta. Dole wata ta karɓe ta. Haka kitso, inda take miƙe ƙafa a tabarma ta miƙa kanta ga makitsiya. Rabon girki tsakanin kishiyoyi, wanda galibi kwana bibbiyu ne, shi ma yana bai wa wadda ta fita girki damar yin waɗannan abubuwa a tsanake. Sai dai gaskiya ita ce hutun mace bai taɓa kai na namiji ba. Turaka a rufe take ga yara, ɗakin uwa kuwa nan suke kwana, nan suke kuka, kuma matar da ba ta da abokiyar zama ko 'yar taya aiki takan wuni ba ta zauna ba.

Lokacin da al'ada ta fi tsayawa tsayin daka a kan hutun mace shi ne jego. Kwana 40 ake ɗauke wa mai jego aiki, in haihuwar fari ce ta tafi gidan iyayenta goyon ciki ko wankan gida. Wata tsohuwa ke kula da ita, a yi mata wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma, a ba ta kunun kanwa da nama mai yaji, a wasu wurare ta kwanta a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ɗauke aikin da kulawar abin yabo ne ƙwarai. Amma tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafin da yawan kanwar, don haka wannan ɓangare ya cancanci a sassauta shi.

Ba duk hutu ne na cikin ɗaki ba. Gida kaɗan ne ba shi da itaciyar inuwa, darbejiya ko mangwaro a ciki, ceɗiya ko durumi a ƙofa. Tsofaffi kan shimfiɗa tabarma a gindinta da hantsi, mafici a hannu. Da bazara kuwa, in dare ya yi, tsakar gida ake fitowa a sha iska.

Abin da ke tsare duk waɗannan wurare ba makulli ba ne, ladabi ne. Ba a shiga ɗakin kowa sai da sallama, in an ji shiru a juya. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar lisha. Yaron da ya taso a irin wannan gida ya san in an saki labule an ajiye takalmi a bakin ƙofa, ba a ɗaga murya a wajen. In baƙo ya yi sallama da azahar, amsar da zai samu ita ce, “Ya ɗan kishingiɗa, sai la'asar,” kuma ba ya jin an wulaƙanta shi.

Yau bulo da siminti da rufin kwano sun maye gurbin tubali da azara a yawancin garuruwa. Ɗakin kwano yakan zama tanda da rana, in babu wutar lantarki fanka ba ta da amfani, in an tada janareta kuma ƙara ta hana barci. Tsadar fili ta sa ana cinye tsakar gida da gini, a sare itaciyar da ke ciki, iyalai da yawa kuma suna zaune a ɗaki da falo na haya, babu turaka balle shigifa. Wayar hannu ta shiga har inda baƙo bai isa ya shiga ba. Abin da ya fi jure wannan sauyi shi ne abin da ba ya bukatar fili: kaskon turare, lalle, labulen ƙofa, dardumar salla a lungun da aka share, da sallama kafin shiga. Masu gina sababbin gidaje suna yin asara babba duk lokacin da suka cike filinsu da ɗakunan haya ba su bar gurbin itaciya ɗaya ba.