Kasafin Kuɗi: Rabon Mai Bin Bashi Ake Fara Cirewa

Duk shekara idan Shugaban Ƙasa ya je gaban Majalisar Dokoki da kundin kasafin kuɗi, jimillar kuɗin ce take ɗauke hankalin jama'a. Ni kuwa na fi son mai karatu ya fara duba layin da ba a cika karantawa a rediyo ba, wato na biyan bashi.

A watan Disambar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya gabatar da kasafin 2025 na kimanin naira tiriliyan 49.7, wanda daga baya ya kumbura ya kai tiriliyan 54.99 kafin a sa masa hannu. A cikin abin da ya gabatar, ilimi ya samu tiriliyan 3.52, lafiya tiriliyan 2.48, biyan bashi kuwa tiriliyan 15.81. A haɗa kuɗin makarantu da na asibitoci wuri guda, ba su kai rabin abin da aka ware wa masu bin mu bashi ba. Kuma nasu rabon ba ya jiran kowa; shi ake fara cirewa kafin a waiwayi ɗalibi ko majinyaci.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, domin Amurka da Japan ma suna cinsa. Abin tambaya shi ne me aka yi da shi. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce kada giɓin kasafi ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa take samarwa a shekara, kuma kada a ciyo bashi sai don manyan ayyuka da gina ɗan Adam. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016 da rancen ƙasar Sin, ana iya nuna shi da yatsa. Amma naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi ta zara daga Babban Banki fa? Dokar bankin ta taƙaita irin wannan rance ga kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, aka tsallake ta ba kunya ba tsoro. A watan Mayun 2023, ana dab da miƙa mulki, Majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Jaririn da aka haifa ranar zai yi furfura, ko ya kusa, kafin a gama biya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mun taɓa fita daga wannan rami. A 2005, zamanin Olusegun Obasanjo da ministar kuɗinsa Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu ba da rance ta Paris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, ƙasar ta biya kimanin biliyan 12, aka rufe littafi. A tsakiyar 2015 bashin tarayya da jihohi ya kai naira tiriliyan 12. A ƙarshen 2024 Ofishin Kula da Basussuka ya ce ya haura tiriliyan 144. Adalci ne a faɗi cewa faɗuwar darajar naira tun 2023 ta kumbura wannan adadi, tunda bashin waje da dala ake lissafa shi. Sai dai wannan ba ta'aziyya ba ce, domin da dalar za a biya.

Giɓin kuwa daga ina yake fitowa? Daga gina kasafi a kan fata. An tsara na 2025 bisa cewa za a haƙo ganga miliyan 2.06 ta ɗanyen mai kowace rana, a sayar da ita dala 75. Abin da aka haƙo a 2025 bai kai haka ba, farashin ma ya sauko ƙasa da wannan a shekarar. Idan kuɗin shiga ya gaza, ba a taɓa albashi, ba a taɓa kuɗin ruwan bashi, balle kasafin ita kanta Majalisar. Wuƙar tana sauka ne a kan manyan ayyuka: hanya, madatsar ruwa, wutar lantarki, ɗakin karatu. Shi ya sa aka yi ta tsawaita wa'adin manyan ayyukan kasafin 2024 har cikin 2025, ana tafiyar da kasafi biyu lokaci guda. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, da aka ba da kwangilarta tun ƙarshen 2017, ta ga kasafi bayan kasafi ba ta ƙare ba, kuma direbobin da suke bin ta kullum sun fi kowane minista sanin inda aikin ya tsaya.