Sassaben Zamani: Yadda Itatuwa Suka Komo Gonakin Maraɗi da Damagaram

A duk lokacin da aka tashi maganar kwararowar hamada, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne dashen itatuwa. A Nijar ma, tun shekarar 1975 ake dasa itatuwa kowace ranar 3 ga watan Agusta. Amma mafi yawan itatuwan da ake gani yau a gonakin Maraɗi da Damagaram ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka rene su daga kututture. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani.

Mene ne sassabe?

Sassabe shi ne sare ƙananan itatuwa da ƙirare a gona kafin faɗuwar damina. A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya tara abin da ya sare ya ƙone. Sai dai sare itace bai kashe shi ba. Kututturen sabara ko kalgo ko geza yana nan da ransa, saiwarsa kuma ta yi nisa cikin ƙasa. Kowace shekara sai ya yi toho, kowace shekara kuma sai a sake sare shi.

A sassaben zamani ba a sare tohon duka. Manomi yakan duba kututturen, ya zaɓi rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran. Sannan ya rage ƙananan rassan da ke ƙasa-ƙasa, don itacen ya yi sama. Gatari ko adda sun isa aikin. Da yake saiwar tsohuwa ce, tana kaiwa inda laima take, ba a bukatar ban-ruwa. Shi ya sa irin wannan itace yake jure fari, alhali dashe da yawa kan mutu tun a ranin farko.

Yadda abin ya fara

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa tsirran da ke warwatse a gonaki ba ciyayi ba ne, itatuwa ne da aka sare. Ya fara gwaji da manoma kaɗan, maƙwabta na yi musu dariya. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, a ƙauyuka kusan 100. Bayan an daina rabon, an sare da yawa daga cikinsu. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani, gani kuwa ya kori ji. Daga nan abin ya riƙa yaɗuwa daga manomi zuwa manomi.

Bayan shekara ashirin, masu bincike suka gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan adam. Suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili mai faɗin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya yi suna wajen raya mataccen fili.

Amfanin itace a gona

Iskar farkon damina takan turbuɗe ƙananan shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Itatuwa suna karya ƙarfin iskar. Ganyen da ya kaɗe yana zama taki. Mata suna samun itacen girki kusa da gida, ana kuma sayar da rarar a kasuwa.

Gawo ya fi kowane itace daraja a wurin manomi, saboda halinsa dabam ne. Da damina yake zubar da ganye, don haka inuwarsa ba ta danne hatsi. Da rani kuma sai ya yi kore shar, dabbobi su zo su ci ƴaƴansa, su huta a gindinsa, su bar kashinsu. Saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa geron da ke gindin gawo yakan fi na sauran gona kyau.

Itacen na wane ne?

Nan ne gizo ke saƙa. Tun dokar da Faransa ta kafa a 1935, itatuwa suna ƙarƙashin ikon hukuma, dokar 1974 kuma ta bi sawunta. Manomi na iya biyan tara don ya sare reshen gawon da ke cikin gonarsa. To, wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manoma suka ga cewa itacen nasu ne, sannan suka kula da shi. An yi sabuwar dokar daji a 2004, kuma a 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena.

Wannan darasi ya shafi manyan shirye-shirye. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, daga baya kuma aka sa masa burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Wani rahoto na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kawai aka gyara a yankin da aka shata, wato bai kai abin da manoman Nijar suka yi da gatarinsu ba. A 2021, a birnin Paris, masu ba da agaji sun yi wa shirin alkawarin fiye da dala miliyar 14.

Har yanzu akwai matsaloli. Birane na bukatar itacen girki, ɓarayi kan sare da dare, wani lokaci kuma a samu saɓani da makiyaya. Saboda haka ƙauyuka irin su Ɗan Saga, a yankin Agye, suka kafa kwamitin sa-ido wanda ya haɗa maza da mata, manoma da makiyaya. Inda aka yi haka, itatuwa sun fi tsira.