Fanka Na Juyawa, Allo Ya Yi Baƙi



Shirinmu na musamman na yau na mai tsohuwar kwamfutar kan tebur ne, ko a shagon buga takardu take, ko a ofis, ko a makaranta. Ka tara 'yan kuɗinka, ka sayo mata katin hoto ko ƙarin ram don ta ƙara sauri. Ka ɗaura, ka danna makunni, fanka ta kama juyawa, fitila ta kawo, amma allo ya yi baƙi ƙirin. Wani lokaci ya ɗan rubuto "No Signal", sannan ya yi shiru.

Yawancin kwamfutocin da muke aiki da su tokumbo ne, irin su Dell OptiPlex 790 da 7010, ko HP Compaq Elite 8300, waɗanda aka ƙera a tsakanin 2011 da 2012. Injuna ne masu ƙwari, an yi su ne don ofisoshi, kuma har yau suna ciyar da iyalai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin yanke musu hukunci. Da allo ya ƙi kawowa sai a ce ai bod ya ƙone, ko kati matacce ne, a kwashi kuɗi a sake sayayya. Alhali sau da yawa babu abin da ya lalace. Tsohon kaya ne da sabo suka haɗu ba su fahimci juna ba, kuma ana iya gano inda saɓanin yake ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ka fara leƙa bayan kwamfutar. Kafin ka saka kati, wayar monita tana shiga ne a kafar da ke jikin bod, kusa da kafofin USB. Da zarar an saka katin hoto, injuna da yawa kan rufe waccan tsohuwar kafa, su mayar da hoto kan kafofin katin. To, mayar da wayar jikin katin. Sannan ka danna maɓallin zaɓen hanya a jikin monita, ka tabbata tana sauraron kafar da ka jona, ba wata daban ba.

Idan ka zo jona wayar ka tarar ba ta da inda za ta shiga, mun iso gundarin maganar. Wannan shuɗiyar waya mai allurai 15 da muka saba da ita, VGA, kamfanin IBM ne ya fito da ita tun 1987. Hoton da take ɗauka na analog ne, wato wutar da ke hawa da sauka. Sababbin kafofi kuwa, HDMI da DisplayPort, lambobi tsantsa suke aikawa. A ƙarshen 2010 Intel da AMD suka sanar za su daina tallafa wa VGA, kuma daga katunan Nvidia na jerin GTX 10, waɗanda suka fito a 2016, an cire sashen da ke samar da hoton analog ɗungurungum. Mu kuwa har gobe monitocinmu da dama VGA kaɗai suka sani.

Sai mutum ya je kasuwa a ba shi ƙaramin adafta, gefe ɗaya DVI, gefe ɗaya VGA. Ya shiga daram, amma hoto babu. Ga dalili, kuma ina roƙon masu gyara su saurara da kyau. Farar kafar DVI iri biyu ce a kan katuna. Ka dubi gefe guda, za ka ga wata 'yar tsaga a kwance. Idan akwai ƙananan ramuka huɗu kewaye da tsagar, DVI-I ce, tana fitar da analog, ƙaramin adafta zai yi aiki. Idan tsagar ita kaɗai ce, DVI-D ce, babu analog a cikinta ko ɗigo. Shi wannan adafta ba ya sarrafa komai, wayoyi ne kawai a cikinsa, kamar mazurari: abin da aka zuba shi zai fito. Abin da kake bukata kwanbata ce mai ƙaramin inji a ciki, wadda ke karɓar HDMI ko DisplayPort ta mayar da shi VGA. Kuma ka lura, hanya ɗaya take bi. Wadda aka yi daga VGA zuwa HDMI ba za ta yi maka akasin haka ba, don haka ka karanta jikin kwalin kafin ka biya.

Wannan sani yana da wani amfani na daban. Akwai jabun katuna da ke yawo, an ɗauko tsoho irin GTS 450 na 2010, an sauya masa suna a ciki da waje ya koma GTX 1050 Ti. Idan aka miƙo maka mai wannan suna ka ga shuɗiyar kafar VGA a jikinsa, ka yi hattara ƙwarai. Irin wannan kati yakan kawo hoto da farko, amma da an ɗora masa aiki mai nauyi sai zane-zane su cika allo, ko ya ɗauke. Wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana iya tona asirin da yawa daga cikinsu.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun allon da ya ƙi kawowa bayan an yi wa tsohuwar kwamfuta ƙarin kaya. Yanzu sai wuta.

Ramin da ake soka katin a kan bod, PCIe, iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Katin da ya fi haka ci yana da wata kafa a samansa mai ramuka shida ko takwas, wadda dole a jona ta kai tsaye daga fawa fak: mai shida tana ƙara wat 75, mai takwas 150. Idan ba a jona ba, babu hoto. Matsalar ita ce siraran injunan ofis ɗin nan fawa fak ɗinsu wat 240 ne kacal, kuma ba shi da wannan waya. Na san akwai masu haɗa ta da adafta daga wayar faifan ajiya. Ban yarda da wannan dabara ba sam, domin siririyar wayar ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba, tana iya zafi ta narke. Ga fawa fak da ya haura shekara goma yana aiki, ga kuma wutarmu da ke hawa da sauka tsakanin layi da janareta. Inji irin wannan kati mai ƙaramin ci ya dace da shi, kamar GT 1030 mai wat 30. Alamar ƙarancin wuta kuwa sananniya ce: hoto ya kawo lafiya, sai an shiga gyaran bidiyo ko wasa kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta.

Ram ma yana baƙanta allo, ko da ba ka taɓa sashen hoto ba. Kwamfuta takan gwada shi kafin ta nuna komai, in bai yi mata ba sai ta tsaya, ta yi ta ƙara ɗit-ɗit, ko fitilar makunni ta riƙa ƙiftawa da launin ruwan goro. Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar jikinka, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa. Cire ram duka, hure ƙurar ramin, mayar da sanda ɗaya tak, ka danna har maƙallan gefe biyu su kama. In ta tashi, ka ƙara na biyu. Ka kuma guji ram ɗin manyan injunan saba, wanda za ka ga an rubuta harafin R bayan lambarsa, kamar 10600R. Yana da araha, allurai 240 ne kamar sauran DDR3, yana shiga ramin daidai, amma waɗannan injuna ba sa tashi da shi.

Akwai kuma BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da inji kafin Windows. Waɗannan kwamfutoci an yi su ne daidai lokacin da ake ƙaura daga tsohon BIOS zuwa UEFI, shi ya sa wani sabon kati ba ya jituwa da tsohon tsari, wani tsohon kati kuma ba ya kawo hoto idan an kunna Secure Boot. Cire katin, koma tsohuwar kafa, ka sabunta BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera injin. Amma don Allah kada ka fara sai kana kan UPS ko inbata, domin in aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki, nan ne bod ke iya lalacewa da gaske. Haka kuma ƙaramin batirin nan na jikin bod mai kama da kwabo, CR2032, in ya tsufa a sauya shi.

Idan kuwa tambarin Dell ko HP ya bayyana, sai da Windows ta fara shigowa allon ya ɗauke, ka kwantar da hankalinka: kati da waya da monita duk suna aiki, saura manhajar direba. Danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare, hakan na sake tayar da direban hoto. In bai yi ba, shiga Safe Mode, ka share tsohon direba da manhajar DDU, ka sauke wanda ya dace daga Nvidia ko AMD. Saƙon "Out of Range" kuma yana nufin an aika wa monita hoton da ya fi ƙarfinta. Mayar da shi ma'auninta na asali, kamar 1366 da 768, ko 1280 da 1024 ga masu kusurwa huɗun nan, a kan hez 60.

Sai ka bi waɗannan duka, sannan ka ɗauki katin ka kai shagon wani ka gwada a injinsa da monitarsa. In can ma bai kawo ba, ka mayar wa wanda ya sayar maka, da rasit ɗinka a hannu.

A nan za mu dakata. Sai Allah Ya kai mu wani makon, a huta lafiya.