Daga ina kifi ke fitowa a tabkin da ke ƙafewa kowace shekara?

A ƙasar Alakos, cikin gundumar Gure ta jahar Damagaram, babu gulbi. Ruwan da ake gani shi ne wanda damana ta tara a ƙwaruruka, kuma yawancinsa ba ya kaiwa bazara. Mai son ganin su na sosai sai ya gangara kudu, zuwa Lasuri ko Gidimuni da ke kan hanyar Zinder zuwa Gure. An sanya su biyun cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, Lasuri a 2005, Gidimuni a 2019.

Su a irin wannan ruwa ya bambanta da na kogin Isa. A wurare da yawa ruwan bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, don haka masunci da ƙafa yake shiga, riƙe da koma ko birgi, ko ya kafa gura ya dawo da asuba. Kifi na ganin inuwar mutum, yana kuma jin takunsa cikin laka. Mai gaggawa ba ya kama komai.

To kifin daga ina yake zuwa bayan ƙasa ta tsattsage?

Gaiwa dai ba ta zuwa ko'ina. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta da yauƙi wanda ke bushewa kamar kwasfa, ta bar ɗan ƙaramin rami da take shaƙar iska, don tana da huhu. Haka za ta kwanta wata da watanni, naman jikinta ne abincinta, har ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Shi ya sa a wasu wurare da fartanya ake kamun ta, abin da baƙo ke ɗauka wasa ne. Tarwaɗa ma tana shaƙar iska, tana jure ruwan da ya koma kamar kunu, har takan ja ciki ta bi danshi zuwa wani kududdufi. Amma idan wuri ya bushe ƙayau, ta mutu.

Karfasa ce mai rauni. Ita sai an kawo ta: ma'aikatan ruwa da gandun daji da ƙungiyoyin masunta ne ke zuba ƴaƴanta a tabkuna bayan sun cika. Tana buƙatar wajen wata 6 kafin ta kai ta kasuwa, sanyin hunturu kuma na rage mata girma. A nan ne ake samun ɓarna. Uwar karfasa a baki take goyon ƙwanta, saboda haka wanda ya jefa raga mai ƙananan idanu tun kaka ya kwashe uwa da zuriya gaba ɗaya, ya sayar a banza. A dokar kamun kifi ta 1998 Nijar ta hana zuba guba a ruwa, ta kuma wajabta takardar izini, sai dai sa ido a kan tabkunan da ke nesa da gari ba abu ne mai sauƙi ba.

Ga kuma rairayi. Iska na ɗebo shi daga tuddai tana zubawa, kacalla na cinye gefe. Kowane taƙi na zurfi da tabki ya rasa yana matso da ranar ƙafewarsa, har wata 6 ɗin da karfasa ke nema su gagara.