Kyau da Ado: Daga Bindin Ɗawisu zuwa Adon Harshe

1.0 Gabatarwa

Hausa ta bambanta kyau da ado. Kyau shi ne abin da aka halicci abu da shi, ado kuwa shi ne abin da aka ƙara masa don ya burge mai kallo. Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa a fahimtar masana kimiyyar halittu, kyawun wasu tsuntsaye ma ado ne, domin idon mai kallo ne ya sassaƙa shi sannu a hankali. Daga nan za a dubi abin da wannan ke nufi ga mai nazarin adabi.

2.0 Matsalar Bindin Ɗawisu

A 1859 Darwin ya bayyana cewa siffar da ke wanzuwa a jikin halitta ita ce wadda ke taimaka mata ta rayu. To amma bindin ɗawisu kaya ne mai nauyi, ba ya ciyar da mai shi, ba ya kāre shi daga maƙiyi. A 1871 sai Darwin ya kawo amsa: mace ce ke zaɓen namijin da ya fi burge ta, 'ya'yanta kuma su gāji siffarsa. Da tafiya ta yi nisa, sai siffar ta bunƙasa. Abokin aikinsa Wallace bai gamsu ba, domin a ganinsa amfani ne ke jan zaɓi, ba sha'awa ba.

A 1982 Andersson ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi a Kenya kan wani baƙin tsuntsu da bindin namijinsa ke kai kimanin santimita 50. Ya datse bindin wasu mazan, ya liƙa guntayen ga na wasu. Waɗanda aka ƙara wa tsawo su ne suka fi samun mata. A Ostireliya kuwa akwai tsuntsun da namijinsa ke gina 'yar rumfa da tsinkaye, ya jera abubuwa shuɗɗa a bakinta. Ba sheƙa ba ce, domin ba a yin ƙwai a cikinta. Mace ce ke zagayawa tana duba rumfuna kafin ta yanke hukunci.

Har yanzu masana ba su yi ittifaƙi ba. Wasu na ganin adon shaida ce ta ƙoshin lafiyar namiji, yayin da Prum (2017) ya farfaɗo da ra'ayin Darwin cewa sha'awa kaɗai na iya isa.

3.0 Dangantaka da Fasaha

Ko wane ra'ayi aka bi, abu guda ya tabbata, wato kyau ba ya tsiro sai tsakanin mai nunawa da mai tantancewa. Haka lamarin yake ga waƙar baka. Makaɗi yakan jarraba salo a gaban jama'a. Abin da ya jawo guɗa da kari yakan riƙe shi, yaransa su ɗauka, wanda aka yi wa shiru kuwa ya watsar. Sai dai akwai bambanci babba: tsuntsu ta jini yake gadon adonsa, makaɗi kuwa ta koyo, shi ya sa salon waƙa ke iya sauyawa cikin zamani guda.

4.0 Kammalawa

Ke nan duk nazarin adon harshe da ya tsaya ga matanin waƙa ya manta da masu sauraro, rabin aiki ya yi. Wajibi ne mai bincike ya naɗi martanin jama'a kamar yadda yake naɗar muryar makaɗi, domin da su aka gina salon.