"Wagga Tana Riƙe Caji?": Yadda Ake Auna Waya a Jega da Aliero da Maiyama

Kamfanonin waya suna zuba maƙudan kuɗi wajen tallar kyamara: mai ido uku, mai ido huɗu, mai ɗaukar hoto cikin duhu. Amma duk wanda ya ɗan tsaya gaban gilashin mai sayar da waya a Jega ya san ba a nan ciniki ke farawa ba. Mai saye zai juya wayar a hannunsa, ya ji nauyinta, sannan ya ce, "Wagga tana riƙe caji?" Daga nan sai, "Layi nawa take ɗauka?" Sai an wuce waɗannan ake zancen kuɗi. Ɗan birni yana iya kiran wannan ƙauyanci. A ganina lissafi ne, kuma lissafin daidai yake.

Hanya ɗaya ce ta haɗa garuruwan nan uku. Wanda ya taso daga Sakkwato zai fara isa Aliero, sannan Jega inda hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da ta Yawuri, sannan Maiyama idan ya miƙa kudu. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a gefen gulbin Zamfara a farkon ƙarni na 19, da kasuwa aka san ta tun asali, kuma mutumin kasuwa ba ya sayen abu don kwalinsa. Abin da ya fi ƙaranci a wurinsa da shi yake auna kaya. A wannan yanki kuwa abubuwan da ke da tsada su ne wuta da sabis da data.

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001 ta hannun MTN da Econet, layi kaɗai yana kaiwa naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti, ko da gaisuwa kawai aka yi aka kashe. Sai da Glo ta zo a 2003 aka fara biyan kuɗin kira da daƙiƙa. A wannan zamani ne Nokia 1100 mai tocila ta shiga zukatan mutane, har yau kuma dattawa da ita suke auna kowace waya. Wanda ya gaji matsayinta shi ne Transsion, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix. Sirrinsa bai wuce sauraro ba. Ya lura mutane suna yawo da layi biyu ko uku saboda wani kamfanin yana kamawa a gari, wani sai a ƙauye, sai ya yi waya mai gidan layi biyu. Ya ƙara girman batir, ya gyara kyamara ta riƙa fitar da baƙar fata yadda take, ya sa Hausa cikin harsunan wayoyinsa. Yau sama da kashi 40 cikin 100 na manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Wato tambayar nan ta mutumin Jega an ji ta a Shenzhen, an kuma ci riba da ita.

Sai dai akwai laifin da ake ɗora wa waya alhali ba nata ba ne. Mutum zai sayi waya a Jega tana kwana biyu da caji, ya koma ƙauyensa a ƙasar Maiyama ta riƙa mutuwa kafin la'asar, sai ya ce an cuce shi da jabu. Sau da yawa nisan ƙarfen sabis ne. Waya tana magana da ƙarfen nan ba dare ba rana, ko ana kira ko ba a yi, kuma duk lokacin da ya yi mata nisa dole ta ƙara ƙarfin saƙon da take aikawa, kamar mai kiran wanda ke ƙetaren gulbi. Wannan ƙarin ƙarfi daga batir yake fita. Idan kuma sabis yana zuwa yana ɗaukewa, neman da take ta yi ya fi cin wuta. Sannan ga zafi. Batirin litiyam ba ya shiri da shi, a watan Afrilu kuwa zafin Kebbi yana haura digiri 40. Wayar da ake jonawa ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, cikin tarin wasu wayoyi da su ma ke fitar da zafi, batirinta yana tsufa da wuri, wani ma ya kumbura ya ɗaga murfi. Tsohuwar Nokia da ake yabo batirinta bai wuce kusan kashi 1 cikin 5 na wanda ke cikin wayar shafa ta yau ba. Ta daɗe da caji ne domin ba ta da babban gilashi mai haske, ba ta kuma kallon bidiyo.

Wutar da waya ke sha ba ta taka kara ta karya ba. Batir mai 5000 mAh, irin wanda ake yayi yanzu, yunit ɗaya na mita zai cika shi sau 40 ko fiye, ko da an cire wadda ke salwanta a caja. Abin da ake biyan mai shagon caji ladar samuwar wutar ce a lokacin da ta Nepa ta yi ɓatan dabo. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ya zama kaya mai nauyi, shi ya sa farantan sola suka yawaita a kan rumfunan caji.

A Aliero jama'a biyu ne ke zaune wuri ɗaya, kowa da ma'auninsa. Akwai ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, waɗanda gardamarsu ita ce iPhone ta hannu da sabuwar Infinix wace ta fi, wace ke ɗaukar wasan ƙwallo ba ta daskare ba. Akwai kuma manoma da dillalan albasa, waɗanda da yawansu ƙaramar waya mai madannai, wadda matasa suka laƙa wa rakani-kashi, ta ishe su jin farashin buhu a kasuwar Mile 12 ta Legas da sanin inda direba ya kwana da kaya. Shekaru da dama ra'ayin dattawan nan shi ne babbar waya kayan shiririta ce ta yara.

Ƙarancin takardun kuɗi ne ya sauya wannan ra'ayi, ba wa'azin kowa ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kuma daga Janairu zuwa Maris na 2023, daidai lokacin da albasar rani ke fitowa, kuɗin hannu ya ɓace daga kasuwa. Manhajojin bankuna da yawa suka kasa ɗaukar cunkoson. OPay da PalmPay da Moniepoint suka samu shiga, domin turin kuɗi ta cikinsu yana isa nan take. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma kafin nan mai tireda da mai nama sun riga sun koyi cewa "yi mani transfa". Abin da har yanzu bai zauna a kan kowa ba shi ne alat ba kuɗi ba ne. Saƙon tes ana iya ƙirƙirar sa ya zo da kamar sunan banki. Hujja ita ce mutum ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun ƙaru kafin a ɗora buhu a mota.

Inda ra'ayin jama'a ya fi zafi, kuma inda ya fi kaucewa, shi ne batun data. "Sata suke yi" ita ce maganar da za ka ji a majalisa, musamman tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ba ni da niyyar wanke kamfanoni. Tsare-tsarensu na garaɓasa suna da ruɗani, wanda kuma yake da ƙorafi yana iya kiran hukumar a lamba 622. Amma mafi yawan datar da ake cewa ta ɓace, ido ne ya cinye ta. Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne aka jera. A matakin 360p kowane hoto yana da ɗigo 230,400. A 720p yana da 921,600, ninki huɗu ke nan. YouTube kuma, idan ba a hana shi ba, da kansa yake zaɓar mataki gwargwadon ƙarfin sabis. Saboda haka wanda ya tashi daga 3G ya koma 4G zai kalli shirin da ya saba kallo, na tsawon da ya saba, amma datar da za ta tafi ta ninka. TikTok yana sauke bidiyo na gaba tun kana kan na yanzu, ko ka kalla ko ka wuce an riga an caje ka. Zaurukan WhatsApp na dangi da na 'yan makaranta da na siyasa suna zuba bidiyo cikin waya da kansu muddin ba a kashe saukewar kai-tsaye ba. Minti ɗaya na saƙon murya bai kai rabin megabayit ba, alhali minti ɗaya na bidiyo yana iya cin goma. Shi ya sa tsohuwar da ba ta aika komai sai murya take wata guda da datar da jikanta zai ƙarar kafin sallar isha'i.

Ɗalibai ma, da suke ganin sun waye, suna da nasu tarkon. Kwalin waya zai nuna ƙwaƙwalwar aiki "8+8", mai saye ya ɗauka 16 ce, alhali rabin aro ne daga ma'ajiyar wayar, wadda ba ta kai ta ainihin sauri ba. Haka GB WhatsApp da ake yabo don tana nuna saƙon da aka goge: ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, yana rufe layukan masu amfani da ita, kuma babu wanda zai ba ka tabbacin inda saƙonninka ke biyawa.

Tsadar data ce ta raya sana'ar turi. A tasha, a bakin kasuwa, a gefen rumfar caji, za ka ga saurayi da kwamfutar cinya da tarin igiyoyi, mutane na miƙa masa waya ko memori. Shi yana saukewa sau ɗaya, galibi da garaɓasar dare, ya sayar sau ɗari. Daga wayar wanda ya saya kuma abin zai bazu ta Xender, wadda ke haɗa waya da waya kai-tsaye ba tare da cin data ba. Abin da ake nema ya bambanta: tafsirin azumi, fassarar Algaita ta finafinan Indiya, sabon kashi na Labarina na Aminu Saira ko Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda duka suka fara fita a 2020, da tsofaffin waƙoƙi irin na Sani Aliyu Ɗandawo. Har waƙoƙin marigayi Muhammadu Gambo, mutumin Fagada ta ƙasar Maiyama da aka sani da waƙar ɓarayi, suna nan cikin kwamfutocin ana kwafar su ba a biyan magadansa ko sisi, abin da da yana raye da bai rasa abin cewa a kai ba.

A nan ma akwai rigimar da ake yi da wanda bai ji ba bai gani ba. Mutum zai kawo memori da aka rubuta wa gig 64, a cika masa, ya je gida rabin finafinan su ƙi buɗewa, ya dawo yana zargin mai turi. Memorin ce jabu. An sa ta faɗa wa waya girman da ba ta da shi. Ainihin cikinta wataƙila gig 8 ne, idan ta cika sai sabon abu ya hau kan tsoho ya lalata shi, sunayen kuma suna nan a jere kamar komai lafiya. Arahar da ta wuce hankali ita ce alamarta.

Mai kallo a Maiyama bai ɗauki turi a matsayin laifi ba, ya biya kuɗinsa ai. Amma kuɗin ba ya isa Kano. Tun da kasuwar faifan CD ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, masu shirya finafinan Kannywood suka koma ga shiri mai dogon zango a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda ake biyan su gwargwadon tallar da aka nuna wa masu kallo. Wanda ya kalla daga memori ba ya cikin ƙidaya. Ko wanda ya kalla da datarsa a Nijeriya, abin da ake biya a kansa bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba, domin masu talla a can sun fi zuba kuɗi. An gwada manhajojin biyan kuɗi irin su Northflix da Kallo.ng, amma mutumin da ke lissafin megabayit da wuya ya biya kuɗin shiga sannan ya sake biyan na data.

Masu shirin ba su zauna ba. Tunda ba za su iya hana kwafa ba, sai suka dasa tallar a cikin fim ɗin kansa: maganin gargajiya, filaye, shagon atamfa, makarantar kuɗi, wani lokaci ma jarumin shirin ne zai fito ya yi bayanin kayan. Irin wannan talla tana bin fim duk inda ya je, daga kwamfutar mai turi a Jega har wayar matar aure a ƙauyen Aliero, mai kayan kuma ya san haka, shi ya sa yake biya tun kafin shirin ya fita. Ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu kallo yanzu shi ne talla ta yi yawa, ana tsakiyar rikicin gado sai a yanke a shiga zancen maganin basir. Wasu masu turi har sun koyi yanke tallar kafin su tura, kuma nasu shagon ya fi cika.